Yadda Ake Auna Ra'ayin Masu Sauraro a Kafafen Sada Zumunta: Jagora Ga Gidajen Watsa Labarai da Masu Talla a Legas

Mafi yawan manyan kamfanonin talla na Najeriya a Legas suke, kuma a nan ne ake yanke shawarar inda za a kashe kuɗin tallar da za ta isa kunnen Bahaushe, ko yana Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Alaba Rago, ko yana can gida Arewa. Duk mai gabatar da shirin Hausa a wannan birni ya san tambayar da ke jiransa idan ya je neman mai ɗaukar nauyi: wace shaida kake da ita cewa jama'a na son shirinka? Amsar da aka saba bayarwa ita ce yawan mabiya shafi da yawan waɗanda suka danna alamar so, alhali waɗannan alƙaluma yawan idon da ya wuce ta wurin kawai suke nunawa, ba su faɗin abin da ke zuciyar mai idon. Bidiyo na iya samun tsokaci dubu biyar, kuma dubu huɗu a ciki tsinuwa ce. Abin da ake bukata shi ne awo mai ƙa'ida, wanda wani mutum daban zai iya maimaitawa ya samu sakamako makamancin naka, kuma ana iya yin sa da waya, kwamfuta ɗaya da mutum biyu masu jin Hausa sosai.

Matakin farko shi ne a rubuta tambayar da ake son amsawa kafin a buɗe kowace manhaja, kuma a taƙaita ta. "Me mutane ke cewa a kanmu" tambaya ce da ba ta da iyaka, don haka ba ta aunuwa. Wadda ke aunuwa ita ce irin wannan: yaya masu sauraro suka karɓi mayar da shirin safe daga ƙarfe bakwai zuwa ƙarfe tara, ko yaya suka karɓi sabuwar tallar shinkafa da aka fara sakawa a farkon wata? A tare da tambayar a ƙayyade ranar farawa da ranar tsayawa, a kuma rubuta wanda ake auna ra'ayi a kansa: tashar ce, mai gabatarwa ne, baƙon shirin ne, kayan da ake tallatawa ne, ko labarin da aka kawo. Wannan rarrabewa ita ce ƙashin bayan aikin duka. A watan Yunin 2022, lokacin da gwamnatin Jihar Legas ta haramta okada a ƙananan hukumomi shida, duk shafin Hausa da ya ɗauki labarin dole ya ga ɓacin rai a ƙarƙashinsa, domin abincin Hausawa da yawa ne aka taɓa. Wanda ya ƙirga wannan fushi a matsayin suka ga tashar ya zalunci tashar, tunda gwamnati ake nufi da shi, kuma wataƙila masu tsokacin godiya ma suke yi wa tashar da ta ba su bakin magana.

Mataki na biyu shi ne sanin inda masu sauraron suke magana da abin da kowane dandali zai bari a gani. A Facebook, manhajar Meta Business Suite tana nuna wa mai shafi yawan waɗanda saƙo ya isa gare su, irin alamomin da suka danna, shekarunsu da garuruwan da suka fi yawa a ciki. YouTube Studio na yin makamancin haka, kuma yana nuna wa mai tasha yawan waɗanda suka danna alamar ƙi, duk da cewa tun 2021 aka ɓoye wannan adadi daga idon jama'a. TikTok ma yana da nasa shafin alƙaluma. Abin da ya ƙara wuya shi ne leƙen shafukan wasu: a watan Agustan 2024 kamfanin Meta ya rufe CrowdTangle, manhajar bibiyar shafukan Facebook wadda 'yan jarida suka daɗe suna dogara da ita, kuma dandalin X, wato Twitter a da, ya daina bayar da bayanansa kyauta tun 2023. Saboda haka ƙaramin gidan rediyo ya fara da shafukansa na kansa. A duba jerin garuruwan nan da kyau, domin shirin da ake yi a Legas na iya zama mabiyansa sun fi yawa a Kano, Kaduna, Yamai ko Jidda, kuma mai sayar da kaya a Agege ba zai amfana da yabon mutumin Jidda ba.

Akwai kuma WhatsApp, wanda a ganina shi ne babban dandalin Hausawan Legas, kuma shi ne wanda babu wata manhajar awo da ke iya leƙawa, tunda saƙonninsa a rufe suke tsakanin mai aikawa da mai karɓa. Ɗan kasuwar da ke sauke kwandunan tumatir a Mile 12 tun asuba, ko direban tanka da ke jiran layi a Apapa, ba shi da lokacin zama ya rubuta dogon sharhi. Zai danna ya yi magana ya aiko da saƙon murya zuwa lambar shirin. Waɗannan saƙonni dukiya ce da tashoshi da yawa ke gogewa bayan an gama shiri. A ware mutum ɗaya ya riƙa sauraronsu yana rubuta abin da aka faɗa kalma da kalma, a saka su cikin awon a matsayin rukuni mai zaman kansa. Abin da bai halatta ba shi ne a shiga zauren wata ƙungiya ko unguwa a kwashi hirarrakin mutane ba da saninsu ba.

Mataki na uku shi ne tattarawa. A buɗe jadawali a Excel ko Google Sheets, kowane tsokaci ya samu layi guda, tare da kwanan wata, dandali, saƙon da aka yi tsokacin a ƙarƙashinsa, da rubutun yadda mai shi ya yi shi ba tare da gyara ba. A Facebook a tabbatar an zaɓi ganin dukkan tsokaci, domin tsarin da manhajar ke buɗewa da shi yana fifita waɗanda ta ga sun fi dacewa, ya ɓoye sauran. Kada a kwafi suna, lambar waya ko hoton kowa. A ba kowane mai tsokaci lamba kawai. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 tana aiki a kan gidajen watsa labarai da kamfanonin talla kamar yadda take aiki a kan bankuna, kuma ko ba don doka ba, mutumin da ya yi magana a ƙarƙashin shirinka bai ba ka izinin kai sunansa teburin wani kamfani ba.

Idan ana neman maganar da ake yi a kan tashar ko kayan a wasu shafukan, sai an shirya jerin kalmomin nema, kuma a nan rubutun Hausa na intanet yana bukatar haƙuri. Mutum ɗaya zai rubuta ƙarya da ƙ mai lanƙwasa, wani da k, wani da q, wani ya sa alama bayan k. Gaskiya takan zama gsky, wallahi ta zama wlh, na gode ta zama ngd. Sunan shirin da na mai gabatarwa ma kowa da yadda yake rubuta su, kuma sau da yawa laƙabin da masu sauraro suka raɗa wa mai gabatarwa ya fi sunansa na yanka yawo. A Legas ana ƙara wani abu: jimla guda na iya farawa da Hausa, ta ratsa buroka, ta ƙare da kalmar Yarabanci. A rubuta kowace siga da aka ci karo da ita, a riƙa ƙara jerin kowane mako.

Mataki na huɗu shi ne tankaɗe. A cire tsokacin da aka maimaita kalma da kalma, da na masu tallata hajarsu a ƙarƙashin shafin wasu, da na masu ajiye lambar asusun banki. A sa ido kan asusun bogi da sojojin baka, musamman a lokacin siyasa: idan aka ga jimla iri ɗaya ta fito daga shafuka talatin cikin minti goma, kuma shafukan sababbi ne marasa hoto, wannan haya ce ba ra'ayi ba. A ware su gefe, a faɗi yawansu a rahoto, amma kada su shiga lissafi. Haka nan mutum ɗaya da ya yi tsokaci goma sha biyar a kan abu guda a ƙirga shi sau ɗaya, in ba haka ba masoya biyar ko maƙiya biyar masu yawan data za su karkatar da sakamakon wata guda.

Mataki na biyar shi ne ɗibar samfuri, idan tsokacin ya fi ƙarfin karatu. Mai ɗanɗana miya cokali ɗaya ya ishe ta, amma sai ta juya tukunyar tukuna. Wanda ya karanta tsokaci ɗari na farko kawai ya ɗebi man da ya taso sama ne, domin waɗanda ke rigen tsokaci galibi masoya ne na kusa. Hanya mai sauƙi ita ce a jera tsokacin bisa lokacin da suka shigo, a riƙa ɗaukar kowane na biyar idan guda 2,000 ne, a samu 400. Lissafin ƙididdiga ya nuna cewa samfurin 400 da aka ɗiba ba da son rai ba yana iya kaucewa da kusan maki 5 sama ko ƙasa, na 100 kuma da kusan maki 10. Wanda ke da tsokacin da bai kai 100 ba ya karanta su duka, ya bayar da labarinsu da baki, ya bar maganar kashi cikin ɗari.

Mataki na shida shi ne rubuta ƙa'idar rarrabewa, kuma a nan ne aikin yake da nauyi. Rukunai huɗu sun wadatar: yabo, suka, tsaka-tsaki, da wanda bai shafi tambayar ba. Matsalar ita ce Bahaushe ba kasafai yake faɗin ƙinsa kai tsaye ba, kuma rabin maganarsa addu'a ce. "Allah ya ƙara basira" yabo ne. "Allah ya shirya" da "Allah ya kyauta" suka ne cikin ladabi, ko da yake babu kalma mara daɗi ko ɗaya a cikinsu. "Allah ya isa" suka ce mai zafi, amma sai an duba wa aka ja wa ita. "Allah ya jiƙansa" a ƙarƙashin labarin rasuwa ba ta shafi tashar ba sam, haka ma jerin "amin" ɗari biyu da ke biyo bayan addu'ar mai gabatarwa, waɗanda shaidar halarta ce kawai. "Ba laifi" tana tsakanin tsaka-tsaki da yabo mai sanyi, sai ma'aikata sun zauna sun yanke inda za su ajiye ta, sun kuma tsaya a kan abin da suka yanke. "Sannu da ƙoƙari" na iya zama godiya ta gaske, tana kuma iya zama gatse idan ta zo bayan mai gabatarwa ya yi katoɓara. Matasa kuma sukan yi yabo da kalmar da a bakin dattijo zagi ce, ko su ce mutum ya kashe su, suna nufin ya ba su dariya.

Alamomin da ake dannawa ma haka suke. Alamar dariya a ƙarƙashin shirin barkwanci nasara ce, amma a ƙarƙashin tallar magani ko jawabin shugaban kamfani ba'a ce tsantsa. Alamar kuka a labarin gobarar kasuwa tausayi ne. Saboda haka a rubuta ƙa'idar a takarda, kowane rukuni da misalai akalla goma da aka ɗauko daga tsokacin masu sauraron tashar, a kuma ƙara shafi na biyu a jadawalin don dalili: farashi, ingancin kaya, addini da tarbiyya, Hausar mai gabatarwa, ƙarar sauti, tsawon talla, lokacin shiri. Mai talla ya fi bukatar dalilin a kan adadin. Sanin cewa kashi ɗaya cikin biyar sun soki talla bai gaya masa abin yi ba, amma sanin cewa yawancin masu sukar sun ce Hausar tallar fassara ce da aka yi a ofis ba tare da an ba Bahaushe ya saurara ba, ko cewa shigar matar da ke cikin tallar ba ta dace ba, ya nuna masa gyaran da zai yi gobe.

Mataki na bakwai shi ne karatu da mutum biyu. Kowannensu ya rarraba tsokaci 100 iri ɗaya shi kaɗai, ba tare da ganin aikin ɗan'uwansa ba, sannan a kwatanta. Shawarata ita ce idan ba su dace a kan akalla 80 ba, laifin ƙa'idar ne, a koma a gyara ta a sake gwadawa da wasu 100. Masu bincike na amfani da ma'aunin kappa da Jacob Cohen ya fitar a 1960, wanda ke cire dacewar da ta faru bisa sa'a, amma ƙirga ta hannu ta isa a fara. Ya fi kyau masu karatun su bambanta, mace da namiji, ko tashin Legas da wanda ya zo daga Sakkwato ko Katsina, saboda kowannensu zai ji abin da ɗayan bai ji ba. Mai gabatar da shirin da ake aunawa kada ya kasance cikinsu, domin babu wanda ke iya karanta sukar kansa da adalci.

A nan ne mutane kan tambaya ko na'ura ba za ta yi wannan aiki ba. Manyan manhajojin sauraron dandali da kamfanonin talla ke biya, irin su Brandwatch da Meltwater, an fi gina su a kan Turanci da manyan harsunan Turai, kuma bai kamata a karɓi hukuncinsu a kan Hausa ba sai an gwada. An samu ci gaba na gaske daga gida: a 2022 masu bincike, ciki har da na Jami'ar Bayero ta Kano, sun fitar da NaijaSenti, tarin saƙonnin Twitter kusan 30,000 a kowane ɗaya daga Hausa, Ibo da Yarabanci, da adadi ƙasa da haka a buroka, waɗanda mutane suka rarraba da hannu, sannan AfriSenti ya faɗaɗa aikin zuwa harsunan Afirka 14 a 2023. Sai dai saƙonnin Twitter ne, kuma Hausar 'yan bokon Twitter daban take da ta tsokacin Facebook, balle ta saƙon murya. Hanyar da ta dace ita ce a ba kowace manhaja, har da na ƙirƙirarriyar basira, tsokaci 200 da mutum biyu suka riga suka amince a kansu, a ga nawa ta dace, a kuma duba irin kuskurenta. Idan ta mayar da kowace addu'a yabo, a bar mata aikin tankaɗe da tara kalmomi, a riƙe hukunci a hannun mutane.

Mataki na takwas lissafi ne, kuma gajere ne. A ce cikin samfurin 400 an ware 60 da ba su shafi tambayar ba, saura 340. Yabo 153, suka 68, tsaka-tsaki 119. Wato kashi 45, kashi 20 da kashi 35 cikin ɗari. A cire kason suka daga na yabo, a samu maki 25, wanda shi ne ma'aunin da za a riƙa bi daga wata zuwa wata. Wannan adadi shi kaɗai ba ya cewa komai sai an kwatanta shi da wani, don haka a auna makonni biyu ko huɗu kafin a fara talla ko a sauya shiri, a samu mizani. A samfuri mai wannan girma, sauyin da bai haura maki 10 ba kada a kai shi taro a matsayin labari. A kuma kwatanta lokaci da irinsa: watan azumi, da tafsiri da shirye-shiryen sahur da yawan addu'o'insa, ba a gwada shi da watan da ya gabace shi, sai da azumin bara.

Mataki na tara shi ne fita daga intanet, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa. Masu tsokaci ba su ne masu sauraro duka ba. Sun fi karkata ga matasa maza masu babbar waya, alhali matar aure da ke sauraro tana aiki a gida, da dattijon da ke rataye da rediyo a Alaba Rago, da mai gadin da ke kwana da shirin dare a Ikoyi, ba kasafai suke rubuta komai ba, kuma da yawansu su ne masu sayen kayan da ake tallatawa. Dandalin kansa ma ba abin dogaro ba ne koyaushe. Daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 an dakatar da Twitter a Najeriya, kuma duk wanda ya ɗora awonsa a kansa shi kaɗai ya rasa ma'auni na tsawon wata bakwai. Saboda haka kowane wata a kwatanta sakamakon da kiran wayar da ke shigowa shiri, a kuma tura ma'aikaci kasuwa ko bakin masallacin Juma'a ya yi wa mutum ashirin ko talatin tambayar nan guda da aka rubuta tun farko. Idan abin da aka ji a ƙasa ya saɓa wa na dandali, a rubuta saɓanin a rahoto yadda yake.

Rahoton da za a miƙa wa mai talla ko shugaban tasha kada ya wuce shafi biyu. A sa tambayar, kwanakin, dandalin da aka duba, yawan tsokacin da aka tara, yawan da aka cire da dalilin cirewa, girman samfurin, yawan dacewar masu karatu biyu, sannan sakamakon da manyan dalilai uku na yabo da uku na suka, kowanne da misali ɗaya ko biyu ba tare da suna ba. Idan mai karɓar rahoton ba ya jin Hausa, kamar yadda yakan kasance a ofisoshin Ikeja da Victoria Island, a fassara masa ma'anar misalan ba kalmominsu ba, a ajiye asalin Hausar a gefe. Kada a ɓoye suka don tsoron rasa kwangila, domin kamfanin na iya sa wani ya duba shafin, kuma tsokacin a fili yake. Idan sukar ta kai ga sauya tallar, a tuna cewa sabuwar sigar ma sai ta bi ta tantancewar hukumar kula da harkar talla ta ƙasa, ARCON, wadda ta maye gurbin APCON a 2022, kafin a sake ta, don haka a saka kwanakin tantancewar cikin jadawalin aiki. Takardar ƙa'idar rarrabewa kuma a ajiye ta da kwanan wata, kuma duk ranar da aka sauya wani abu a cikinta a sake rarraba samfurin watan da ya gabata da sabuwar ƙa'idar kafin a kwatanta watannin biyu.